Cinikin Ilektiron da Haidirojin

Haidirojin ita ce mafi rashin nauyi a cikin dukan iskokin da aka sani, ilektiron kuwa shi ne ɗan autan abubuwan da suka haɗu suka yi atam. In aka ce ga wani ya rubuta maƙala a kan abin da yakan faru sa'ad da waɗannan biyu suka yi karo, na san da yawa daga cikin 'yan'uwana ɗalibai za su buɗe gaba su nemi labarin gasar ƙwallo ta tsakanin gidaje. Ina roƙonku ku ɗan dakata mini. Ni ɗan aji biyar ne, ban fi ku sanin komai ba, amma na yi kusan shekara guda ina bin diddigin wannan magana, a aji da laburare da kuma wajen Malaminmu na fiziks, har ya laƙaba mini suna Sarkin Tambaya. Abin da na samo shi ne, karon nan ba irin na raguna ba ne. Ciniki ne mai farashi da ƙa'ida, kuma a cikinsa akwai hajar da mai 'yan kuɗi kaɗan yake saya wadda takan gagari attajiri.

Bari mu fara da sanin masu cinikin. Wani Bature mai suna Henry Cavendish shi ne ya fara tabbatar da cewa haidirojin iska ce daban, a Ingila cikin 1766. Ilektiron kuwa sai a 1897 J. J. Thomson ya gano shi a Jami'ar Kambirij. Atam ɗin haidirojin ba shi da tarkace: cibiya ɗaya ce da ake kira furoton, sai ilektiron ɗaya da ke kewaye da ita. Amma ba ya son zaman kaɗaici, sai ya sami ɗan'uwa sun manne da juna kamar tagwaye. Waɗannan tagwayen su ne littafinmu yake kira molekul, ni kuwa a nan zan riƙa cewa ƙwayar haidirojin. Tazarar da ke tsakanin cibiyoyin nan biyu, in ka raba milimita ɗaya gida miliyan 13, to, kimanin gida ɗaya ke nan. Duk da wannan ƙanƙanta, ƙwayar ta fi ilektiron nauyi sau 3,670 ko kusa da haka. Watau in ilektiron ya taho ya buge ta, kamar ka jefi bijimi da lemon zaƙi ne.

Sai kuma maganar kuɗin cinikin. Abin da ilektiron yake tafe da shi kuzarin gudunsa ne, masana kuwa suna auna shi da wani ma'auni mai suna ilektiron-bolt, watau kuzarin da ilektiron ɗaya yake samu in aka tura shi da wuta mai ƙarfin bolt ɗaya. Batirin tocila bolt 1.5 ne, kun ga ke nan ba wani babban abu ba ne. Domin lissafi ya yi mana sauƙi, bari mu ɗauki ilektiron-bolt ɗaya a matsayin naira ɗaya mai kobo 100, ko da yake kobo ya daɗe da daina sayen komai a kasuwa. Ilektiron mai ƙaramin kuzari shi ne wanda abin da ke aljihunsa bai wuce daga 'yan kobo zuwa naira 15 ko 20 ba. Kada ku ji an ce ƙarami ku zaci tafiyar hawainiya yake yi. Mai naira ɗaya tak yana cin kilomita kusan 600 a daƙiƙa ɗaya, kamar a ce daga Kano zuwa Maiduguri kafin ka ƙifta ido sau biyu. A cikin danginsa ne kawai ake ganinsa talaka, domin akwai masu dubbai da masu miliyoyi.

Abin da ya jefa ni cikin wannan bincike ya faru bara, muna aji huɗu. Wata ranar Laraba Malam ya ce kowa ya kawo bargonsa daga ɗakin kwana, muka rufe tagogin ɗakin gwaje-gwaje ruf. Ya ɗauko wata siririyar kwalba mai tsawon kamu ɗaya, tsakiyarta ta tsuke kamar tsinke, ya ce a cikinta babu komai sai 'yar iskar haidirojin kaɗan. Ya haɗa ta da wani koyil mai ɗaga ƙarfin wuta, shi kuma koyil ɗin ya haɗa shi da batirin motarsa. Da ya kunna sai muka ji zzz, tsakiyar kwalbar ta kama da wani haske mai launin ruwan zoɓon da aka surka. Ba ya barinta a kunne fiye da rabin minti, wai irin waɗannan kwalabe sukan lalace in suka yi zafi, saboda haka muka yi layi, kowa ya leƙa ta cikin gilashin nan mai kusurwa uku da ake kira firizim.

Mun riga mun ga yadda firizim yake baje hasken rana ya zama bakan gizo, launi yana shiga cikin launi ba tare da giɓi ba. Na haidirojin ba haka yake ba. Duhu ne, sai ga wani zare ja jawur, sai duhu, sai zare shuɗi-shuɗi mai ɗaukar kore, sai duhu, sai wani mai launin shuni. Malam ya ce akwai na huɗu can ƙarshe, sai mai kaifin ido yake ganinsa. Ya kuma ce wani malamin makarantar 'yan mata a birnin Basel na ƙasar Suwizaland, Johann Balmer, shi ne ya gano lissafin da ya haɗa zarurrukan nan huɗu a 1885, yana da shekara 60 a duniya. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne duhun da ke tsakaninsu. Me ya hana haidirojin ba da sauran launuka? Sa'an nan kusa da jan zaren na hangi wani dusu-dusu kamar hazo, na ce, "Malam, wannan fa?" Ya ce, "Zarurrukan nan masu haske na atam ne, bayan an raba tagwayen. Hazon da ka gani kuwa na ƙwayoyin da ba a raba ba ne, su zarurrukansu sun yi yawa, wannan gilashi namu ba zai iya rarrabe su ba. Wuce, akwai mutane bayanka."

Amsar tambayata ta farko tana cikin wani gwaji da aka yi a Balin ta ƙasar Jamus cikin 1914. Masana biyu ne suka yi shi, James Franck da Gustav Hertz, kuma ba da haidirojin suka yi ba, da tururin zaiba ne. Suka sami kwalba suka zuƙe iskar ciki, suka bar tururin. A gefe ɗaya akwai waya mai zafi wadda take fitar da ilektiron, a ɗaya gefen akwai faranti mai karɓarsu, da allurar ma'auni mai nuna yawan waɗanda suka iso. Suka riƙa ƙara ƙarfin wuta kaɗan-kaɗan, allura tana ta hawa, kamar yadda kowa zai zata. Da suka kai bolt 4.9 sai allura ta faɗo. Suka ci gaba da ƙarawa, ta sake hawa, a bolt 9.8 ta sake faɗowa, haka kuma a 14.7. Ashe duk ilektiron ɗin da kuɗinsa bai kai naira 4 da kobo 90 ba, in ya bugi atam ɗin zaiba sai ya yi tsalle ya wuce da kuɗinsa cif. Amma da zarar ya kai, sai atam ya karɓe su duka, ilektiron ya rage ba shi da ƙarfin ƙarasawa faranti. Wanda ya tara ninki biyu kuwa sau biyu yake biya a hanya. Su kansu masu gwajin da farko sun ɗauka atam ɗin ne yake rasa ilektiron ɗinsa, sai Niels Bohr na ƙasar Denmak ya nuna cewa hawa mataki ne kawai ya yi, kamar yadda ya faɗa a bayaninsa na 1913. An ba Franck da Hertz kyautar Nobel ta 1925 saboda wannan aiki.

Ban gane wannan magana sosai ba sai da na je hutu. Mahaifina dillalin shanu ne, kuma duk ranar kasuwa nakan bi shi kara in riƙe masa igiya. Kowa ya san yadda ake yi. Mai saye ya zagaya sa, ya duba haƙori, ya taya. In tayin bai kai ba, sai ka ji an ce, "Albarka." Ba a karɓi rabin kuɗin ba, ba a ba shi ƙafar sa ɗaya ba, ya juya da kuɗinsa a aljihu, sa kuma yana nan inda yake. Sai an kai inda mai abu yake so sa'an nan a ce an sallama. Ina tsaye a rana ina jin albarka, albarka, sai na tuna da allurar Franck. Da daddare na yi wa Baba bayanin, ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "To, shi wannan atam naka, in aka ba shi fiye da kuɗinsa, yana mayar da canji?" Na ce, "Yana mayarwa, Baba, ko kobo ba ya ci." Ya ce, "Ashe ba ɗan kasuwa ba ne, ma'aikacin gidan waya ne mai sayar da kan sarki." Lalle misalinsa ya fi nawa. A wannan ciniki babu ragi, babu bashi, babu gyara, farashi a rubuce yake.

Kuɗin da atam ya karɓa kuwa ba ya ajiye su, nan da nan yake sauko daga matakin ya fitar da su a matsayin haske, kuma kowane mataki da launinsa. Wannan shi ne dalilin duhun da na gani: tsakanin mataki da mataki babu wurin sa ƙafa, saboda haka babu launin da zai fito daga can. Tsohon dogon ƙwan lantarkin da ya rage a ɗakin firef ma da haka yake aiki. Ilektiron suna biyan zaiba naira 4 da kobo 90, zaiba tana fitar da wani haske da ido ba ya gani, farin garin da aka shafe cikin ƙwan da shi yana mayar da shi wanda muke karatu da shi.

Yanzu mu komo ga ƙwayar haidirojin, wadda rumfarta ta fi ta atam kaya. Da yake tagwaye ne, akwai abubuwa iri uku da za a iya sa su yi. Mafi araha shi ne juyi, watau su riƙa wulwulawa kamar sandar da aka cilla sama. Matakin farko na wannan kobo 4 ne da 'yan kai. Ilektiron ɗin da bai kai haka ba albarka kawai zai ji, kuma abin da zai rasa a karon bai wuce kashi 1 cikin 900 na kuzarinsa ba, lemo dai ya bugi bijimi. Na biyu shi ne karkarwa, cibiyoyin biyu su riƙa matsowa suna ja da baya kamar an haɗa su da roba. Wannan kobo 52 ne matakin farko, kuma matakan karkarwa 15 ne in aka haɗa da na ƙasa. Na uku shi ne a taɓa ilektiron biyun da ƙwayar take da su tun asali. A nan farashi ya yi tsalle: daga naira 11 zuwa 12 ake ɗaga ɗayansu zuwa matakin da zai ba da haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, a naira 15 da kobo 40 kuwa ake fizge shi gaba ɗaya.

Akwai wani wuri a cikin wannan jeri da ya hana ni barci. Littafin kemistiri ya ce ƙarfin da ya ɗaure tagwayen, in aka mayar da shi kuɗinmu, naira 4 ne da kobo 48. To, ai ke nan ilektiron mai naira 5 ya isa ya raba su har ya karɓi canji. Amma masu gwaji sun tarar ba ya iyawa, sai ya kai wajen naira 8 ko 9. Na kai wa Malam wannan a ofis ina tsammanin na kama littafi da ƙarya. Ya yi dariya ya ce, "Kai da kake zuwa kara, ka taɓa ganin an sayi sa daga cikin mota tana gudu?" Bayaninsa shi ne, cibiyoyin suna da nauyi, kafin su motsa ilektiron ya riga ya wuce. Abin da kawai zai iya yi cikin wannan hanzari shi ne ya bugi ɗan'uwansa ilektiron na cikin ƙwayar, ya jefa shi wani mataki inda atam biyun suke ƙin juna maimakon son juna. Wannan mataki kuwa tsada gare shi, kusan ninki biyu, rarar kuɗin kuma ita ce takan zama gudun da atam biyun suke rabuwa da shi. Franck ɗin nan dai shi ya fara kawo wannan ƙa'ida a 1925, wani Ba'amurke Edward Condon ya ƙarasa lissafinta.

To, a nan ne talaka yake shan gaban attajiri, kuma wannan shi ne ɓangaren da ya fi burge ni. Ilektiron mai naira 3 zuwa 4 ba kullum yake buga ƙwaya ya wuce ba. Wani lokaci yakan sauka a gidan, ya zama baƙo na uku a kan ilektiron biyun da ke nan. Zaman ba mai tsawo ba ne, kimanin kashi 1 ne cikin 1,000,000,000,000,000 na daƙiƙa, amma a wajensu wannan ya isa a gaisa a sha ruwa. Muddin baƙon yana ciki, igiyar da ta ɗaure tagwayen takan saki, su fara ja da baya. In ya tashi ya tafi, igiyar ta sake ɗamewa, sai ya bar su suna karkarwa. Shi ya sa ko da yake kobo 52 ne kuɗin karkarwa, wanda ya fi kowa iya sayenta shi ne mai wajen naira 3. Mai naira 100 yana wucewa fuu, da wuya ya sa su karkarwa ta wannan hanya.

Wani lokaci kuma baƙon ba ya samun tafiya. Kafin ya yi sallama tagwayen sun rabu, ɗayansu ya tafi da shi. Sai a sami atam ɗin haidirojin mai ilektiron biyu, wanda yake ɗauke da caji irin na ilektiron. Na yi lissafin wannan da kaina a bayan littafin rubutuna. Atam ɗin haidirojin in ya karɓi ƙarin ilektiron yakan ba da tukuicin kobo 75. In ka ɗebe kobo 75 daga naira 4 da kobo 48, saura naira 3 da kobo 73. George Schulz da abokin aikinsa sun auna wannan a Amurka cikin 1965, suka same shi a wajen naira 3 da kobo 75. Ban san yadda zan kwatanta muku daɗin da na ji ba, a ce ɗebewa ta 'yan firamare ta kai ni kusa da abin da manyan na'urori suka nuna. Ku duba kuma ku gani: mai gaggawa sai ya biya naira 8 ko 9 kafin ya raba tagwayen, mai sauka a gida kuwa da abin da bai kai naira 4 ba ya raba su.

Sai dai irin wannan rabuwa ba safai take faruwa ba in ƙwayar tana zaune lafiya, domin kusan kullum baƙon yakan riga ya tafi. A 1978 masana biyu a Jami'ar Yale, Allan da Wong, suka nuna cewa in ƙwayar ta riga ta hau mataki na 4 na karkarwa, sauƙin abin yakan ƙaru kusan sau 10,000, kuma kuɗin da ake nema ya ragu ƙwarai. Dalili a fili yake: tagwayen da suke karkarwa sun riga sun yi nisa da juna, ɗan turi kaɗan ya ishe su. Shekara guda bayan haka, a 1979, wata masaniya a Faransa mai suna Marthe Bacal da abokin aikinta Hamilton suka tarar da irin waɗannan atam masu ƙarin ilektiron a cikin iskar haidirojin mai wuta, da yawan da ya zarce abin da lissafin wancan lokaci ya ce za a samu. Daga nan aka koyi dabara. Akan yi akwati mai ɗaki biyu. A na farko ana sakin ilektiron masu ƙarfi su girgiza ƙwayoyin, a na biyu kuwa masu wajen naira ɗaya su sauka a kansu. Tsakanin ɗakunan akan sa shingen maganaɗisu domin ya tare masu ƙarfin, don in suka shigo za su kakkaɓe baƙon daga atam ɗin, aiki ya ɓaci.

Wani abokina ɗan ajin adabi, wanda gadonsa yake kusa da nawa, da ya gaji da jin wannan labari sai ya ce mini, "Kai, malam, mu da muke firef da fitilar caji, me atam mai baƙo zai ƙare mu da shi?" Tambayarsa tana kan hanya, kuma ba zan yi masa alkawarin ƙarya ba. Ga dai abin da na sani. A Cadarache, kudancin Faransa, ana gina wata ƙatuwar na'ura mai suna ITER, wadda ƙasashen Tarayyar Turai da Amurka da Rasha da Sin da Japan da Indiya da Koriya ta Kudu suka haɗa hannu a kanta. Nufinsu su haɗe cibiyoyin haidirojin mai nauyi su sami zafi, irin abin da rana take yi. Wannan yana bukatar zafin digiri miliyan 150, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin kai wa ga haka ita ce a harba atam masu tsananin gudu cikin tukunyar. Matsalar ita ce, abin da ba shi da caji wutar lantarki ba ta iya tura shi, abin da yake da caji kuma maganaɗisun da ke kewaye da tukunyar ba zai bar shi ya shiga ba. Mafita ita ce atam mai baƙo. Ana kama shi ta cajinsa a tura shi har ya tara naira miliyan ɗaya, a bakin ƙofa kuma a cire baƙon, da ma kobo 75 ne kawai ya riƙe shi, sai atam ya shige ba caji. Gaskiya ne cewa a manyan na'urori hanyar ɗaki biyu ita kaɗai ba ta wadatar ba, sai da aka ƙara da shafa wani ƙarfe mai suna siziyam a bangon akwatin, amma dole duk mai ƙera su ya san cinikin da ke gudana a cikin iskar. ITER ba za ta sayar wa kowa da wuta ba, gwaji ce, kuma ta sha jinkiri. A 2024 suka sanar cewa sai 2039 za a fara ƙona ainihin makamashin. Abokina ya ce, "Ka gani ko?" Na ce na gani, amma a lokacin ina wajen shekara 30, kuma ban ga dalilin da zai hana a sami Bahaushe a cikin masu riƙe da ma'aunin ba.

Akwai kuma wani aiki da ilektiron mai ƙaramin kuzari ya riga ya yi tuntuni, wanda ya fi kama da sana'ar Baba. Masu ilmin taurari suna cewa kafin a sami tauraro ko ɗaya, sararin sama cike yake da atam ɗin haidirojin ɗai-ɗai, kuma atam biyu in suka haɗu su kaɗai da wuya su manne. Sai ilektiron ya fara sauka a kan ɗaya, wannan kuma ya gamu da wani atam, su manne su zama tagwaye, ilektiron ya fita ya tafi neman wasu. Watau cinikin Schulz ne aka juya shi baya. Tagwayen da aka samu ta haka, ta wurin juyinsu mai arha, su ne suka fitar da zafin gajimaren iskar har ya huce ya dunƙule, taurarin farko suka kama. Da na gaya wa Baba wannan sai ya ce dillalin da ba ya karɓar la'ada bai taɓa ganinsa ba.

Abin da ya sa na kawo wannan magana a mujallarmu maimakon in bar ta a littafin rubutuna shi ne, mu ne aji na ƙarshe da muka ga hasken kwalbar nan. Mako biyu bayan darasinmu koyil ɗin ya ƙone, 'yan aji huɗu na bana kuwa a allo aka zana musu zarurrukan da alli mai launi. Na ga littafin ɗaya daga cikinsu, ya kwafe su tsaf, har ya rubuta lambobin a ƙasa, amma hazon nan da ke kusa da jan zare babu shi, domin alli ba ya zana shi, kuma wanda bai gan shi ba ba zai tambaya ba. Mu 'yan Ƙungiyar Kimiyya mun je gari ranar fita, mun sami wani mai naɗin injin ban ruwa, ya duba koyil ɗin ya ce zai iya sake naɗa shi in an kawo masa siririyar waya. Mun tara rabin kuɗin daga karo-karonmu, mun kuma rubuta wa Shugaban Makaranta takarda ta hannun Malam muna roƙon cikon. Duk wanda yake so ya sa hannu, ko daga ajin adabi yake, ya nemi ma'ajinmu bayan cin abincin dare. Malam ya ce in aka gama gyaran kafin jarrabawa zai ba mu daren Asabar ɗaya, ya kuma ce a zo da barguna masu kauri, don na wancan karo wasu duk huji ne.